Lambu a Cikin Gari da Lafiyar Iyalinka

Mai karatu, in ka taɓa bin gaɓar kogin Shari a N'Djamena da sanyin safiya a watan Disamba, ka ga abin da wannan darasi yake magana a kai. Ruwa ya janye, ya bar ƙasa mai laushi. Mutane sun ja kunyoyi, sun shuka latas da kabeji, karas da albasa, yakuwa da kuɓewa. Kafin rana ta yi zafi an cika kwanduna an nufi kasuwa. Damina a wannan gari gajeruwa ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, a watan Afrilu kuwa zafi yakan wuce digiri 40. Da ba don waɗannan masu lambu ba, da ɗanyen ganye ya gagari talaka rabin shekara.

Jikinka yana bukatar ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane babban mutum ya kamata ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Yaron da ba ya samun ganye da karas da mangwaro yakan yi dundumi, wato ba ya gani da almuru, ƙyanda da gudawa kuma sukan fi kayar da shi. Mace mai ciki da ba ta cin ganye jininta yakan ragu. Saboda haka lambu abu ne mai kyau ƙwarai. Amma lambun da zai ciyar da kai, shi ne kuma zai iya kawo ka asibiti, in ba a kula da ruwansa da takinsa da maganin da ake fesa masa ba.

Ruwan ban ruwa

Ba kowane mai lambu ne yake kusa da kogi ba. Waɗansu da ruwan lambatu suke ban ruwa, ko ruwan kududdufin da damina ta bari. Irin wannan ruwa yana gauraye da bayan gida. A cikinsa akwai ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni, da ƙwan tsutsar ciki. Ba a ganinsu da ido. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, yakan daɗe watanni a cikin ƙasa mai laima, wani lokaci har shekaru. A shekarar 2011 kwalara ta kama fiye da mutum 17,000 a ƙasar Cadi. A watan Oktoba na 2022 kuma, da Shari da Logone suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga unguwanni irin su Walia, ya haɗa masai da rijiya da gona wuri ɗaya. Ƙasar da irin wannan ruwa ya kwanta a kanta, kada a ci ɗanyen abin da aka fara shukawa a cikinta. A dafa.

Wannan damuwa ba ta N'Djamena kaɗai ba ce. A Kano ma an daɗe ana noman ganye da ruwan Jakara, da na rafin Getsi wanda yake ɗauke da ruwan masana'antu. Ruwan masana'anta ya fi na lambatu muni ta wani gefen, gama dafuwa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da gubar ƙarfe daga ganye.

In ba ka da wani ruwa sai mara tsabta, ga abin da zai rage haɗarin. Zuba ruwan a gindin shuka, kada ka watsa a kan ganye. Shuka abin da ake dafawa, kamar kuɓewa da yakuwa da rama, ka bar latas ga mai ruwan rijiya. Daina ban ruwa da shi kwana biyu ko uku kafin ka tsinka, domin rana ta kashe waɗansu ƙwayoyin. Sa takalmin roba. Wanda yake tsayawa cikin ruwan kwance ƙafa ba takalmi yana iya kamuwa da tsargiya. In ka ga jini a ƙarshen fitsarinka ko na yaronka, ka zo, akwai magani.

Maganin feshi

A nan ne muka fi so ka natsu. A kasuwa ana sayar da maganin ƙwari a cikin tsohuwar gorar ruwa, ba suna, ba rubutu. Wani maganin domin auduga aka yi shi, auduga kuwa ba a cinta. Mutum ya fesa wa kabeji yau, gobe ya yanke ya kai kasuwa, don ganyen ya yi kyau a ido. Wanda ya saya bai sani ba. Shi mai feshin ma yana shaƙa, yana jiƙe rigarsa, ya koma gida ya ɗauki jariri.

Ka san alamun guba: yawan miyau da gumi, amai, murɗar ciki, ɗigon baƙin ido ya tsuke ya zama ƙanƙane, jiki yana rawa, numfashi yana wuya. In ka ga haka, tuɓe masa tufafin, wanke jikinsa da ruwa da sabulu, ka kawo shi asibiti nan da nan tare da kwalbar maganin. Kada ka ba shi madara ko manja, kada kuma ka sa shi amai. Mutane da yawa sun gaskata madara tana karya guba. Ba ta karyawa, lokaci kawai take ɓatawa. Kwalbar da aka gama da ita kuma kada a zuba ruwan sha ko man girki a ciki, ko an wanke ta sau goma.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi, ga ta kuma a ƙofar gidanka. Bishiyar dogon yaro, wadda waɗansu ke kira darbejiya ko bedi, ta cika titunan gari. Tara 'ya'yanta da suka nuna, cire ɓawon, shanya su a inuwa. Daka rabin kilo, jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe tace da ƙyalle, sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ka fesa da yamma. Maimaita kowane mako. Ba ya kashe ƙwari nan take kamar na kanti, sai ka yi haƙuri: yana hana su ci, yana hana su girma. Shi ma ka ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Taki

Takin zamani yana da tsada, ba ya kuma gyara ƙasar da ta gaji. Haƙa rami mai zurfin gwiwa a inuwa. Jera busasshiyar ciyawa, sai kashin awaki ko na shanu ko na kaji, sai ɓawon kayan miya da ɗan toka, ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa. Juya shi kowane mako biyu. Soka sanda a tsakiya. In ka zaro ta da zafi, aiki yana tafiya, wannan zafin ne yake kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Kada ka zuba ɗanyen bayan gida na mutum a lambu. In daga juji ka ɗebo ƙasa, tsince batir da leda da kwalba da allura tukuna.

In ba ka da fili

Gidan haya ma ana lambu. Sami buhu, gauraya ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Tsayar da tsakuwa a tsakiyar buhun daga ƙasa har sama domin ruwa ya sauka ko'ina, ka huda gefensa, ka dasa a kai da cikin hudojin. Alayyafo yakan isa tsinka cikin mako uku zuwa huɗu. Ruwan da uwargida ta wanke shinkafa ko ganye da shi ya isa ban ruwa, amma ban da ruwan wankin ƙyallen jariri. Dasa zogale ɗaya ko biyu a kusurwar gida. Shanya ganyensa a inuwa, ba a rana ba, ka daka, a riƙa sa wa yaro cokali ɗaya a kunu tun daga wata shida, tare da ci gaba da ba shi nono.

Rufe durom ɗin ruwanka kullum. A lokacin zafi ƙwan sauro yakan zama sauro mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma.

Ke uwargida, ganyen kasuwa ba ki san ruwan da ya sha ba. Wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa shi. Zubar da ganyen waje na kabeji da latas, ki ware sauran ɗaya ɗaya, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki canja ruwan sau uku. Karas da kokwamba a fere su. In da ruwan Javel kike jiƙa ganye, ki kawo kwalbar ma'aikacin lafiya ya nuna miki yawan ɗigon da za ki sa, gama ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Lokacin da aka ce kwalara ta shigo gari, a bar cin ɗanyen ganye gaba ɗaya, a dafa komai, a ci da zafinsa.