Danshin iska da fentin jirgin sama: lissafin da za ka iya yi da wayarka

Jiragen yaƙi 12 samfurin A-29 Super Tucano da Najeriya ta karɓa daga Amurka a 2021 suna zaune ne a sansanin sojin sama na Kainji. Fentin jikin jirgi irin wannan ba ado ba ne kawai, shi ke kare ƙarfen daga lalacewa. Babban abokin gabansa kuwa ruwan da ke cikin iska ne.

Shi ya sa masana'antun fentin jirgi ke rufe rumfarsu ruf, na'urori suna tace iska, suna riƙe zafi wajen digiri 20 zuwa 25, danshi kuma tsaka-tsaki. In danshi ya yi yawa, raɓar da ido ba ya gani takan kwanta a kan ƙarfe, fenti ya hau kanta, daga baya ya kumbura ya ɓare. In iska ta bushe ƙayau kamar a hunturu, feshin yakan fara bushewa kafin ya isa jikin ƙarfe, ya fito da kaushi, ga ƙura.

Ƙa'idar ita ce zafin ƙarfe ya ɗara matakin saukar raɓa da aƙalla digiri 3. Ga lissafi na kusa, mai aiki idan danshi ya haura kashi 50: cire danshin daga 100, raba da 5, sannan ka cire sakamakon daga zafin iska. A ce da safiyar damina a Yelwa zafi 26 ne, danshi 90. Ka ga 10 a raba da 5 ya ba da 2, matakin raɓa 24 ke nan. Sai ƙarfe ya kai 27, wanda ya kwana a waje kuwa da wuya ya kai. Mai fentin mota ko na jirgin ruwa a Yauri da Ngaski gara ya jira rana ta ɗaga, don galan ɗin fenti ba arha ba ne.

Sai dai kada ka dogara da manhajar yanayi. Yawancin wayoyi ba su da ma'aunin danshi (Galaxy S4 ta 2013 tana da shi), alƙaluman daga intanet suke zuwa, ba daga bakin tafki ba. A ganina gara ka haɗa ƴar na'urar DHT22 da allon ESP32, layukan umarni kaɗan sun isa su turo wa wayarka zafi da danshin inda kake tsaye. Zafin ƙarfen kansa kuma sai ma'aunin nan mai kama da bindiga da aka riƙa haska goshi da shi lokacin korona, in yana da saitin auna kaya.