Darasi: Salula da Yaron Rakiya

'Yan'uwa fatake, a da in ka ɗora yaro a tirela daga Maigatari zuwa Legas, kuɗin hanya duka kake damƙa masa, ka zauna jiran labari. Yanzu kuwa ka aika masa kashi-kashi, ya turo hoton shanun ta WhatsApp, ka ƙirga da idonka.

Amma fa a kula. Maigida mai yawan bugo waya, yaronsa daina tunani yake yi. Sa ya kwanta a mota, maimakon a tashe shi ko a yanka kafin ya zama mushe, sai yaro ya tsaya neman sabis a daji. Tun a kara ka yanke masa: ran dabba, kada ka jira ni, farashi kuwa, sai ka kira.