Amsoshin Tambayoyinku: Wace gasar iyo ce ta fi daraja wurin ɗan makaranta?

Tambaya: Ɗan ƙanena yana sakandare a Amurka, kuma gwanin iyo ne. Ya bugo mini waya cike da murna, wai makarantarsu ta yi na biyu a gasar jiha. Amma da ya je gasar matasa ta ƙasa baki ɗaya, sai a bakin mahaifinsa na ji labari. Ashe ta ƙasa ba ta fi ta jiha ba? Ɗana ma a nan ya ƙwallafa rai a kan iyo, me zan ce masa? Daga wani uba a Gadarif, Sudan.

Amsa: Malam, Allah ya raya mana su. Yaron bai yi kuskure ba, kai ma ba ka yi ba. Gasannin biyu kowacce da abin da take aunawa.

A Amurka ɗan iyo yakan kasance da gida biyu: ƙungiyar makarantarsa da kulob ɗin da yake atisaye duk shekara. Kakar makaranta watanni kaɗan ce, tana ƙarewa da gasar jiha. A can matsayi ake ƙirgawa. Kowane yaro yana tara wa makarantarsa maki, har wanda ya zo can baya a zagayen ƙarshe. Akwai kuma tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, wanda makinsa yakan ninka na mutum ɗaya. Abokan aji suna ihu, malamai da iyaye suna kallo, gobe kuma sunansa ya zaga makaranta. Shi ya sa ɗan ƙanenka ya kira ka.

Gasar matasa ta ƙasa, wadda hukumar USA Swimming take shiryawa, agogo ne sarkinta. Ba a shiga sai yaro ya riga ya cimma lokacin da aka gindaya. Yana iya zuwa na arba'in, amma ya rage rabin daƙiƙa daga lokacinsa, kuma wannan rabin daƙiƙar ita kociyoyin jami'o'i suke dubawa kafin su ba da tallafin karatu. Akwai kuma bambancin wurin iyon. Makarantu galibi suna amfani da mai tsawon yadi 25, kusan mita 23, alhali na Olamfik mita 50 ne. Lokacin da aka yi a mai mita 50 shi ya fi karɓuwa a duniya.

Ziyad Saleem, wanda ya tashi a Amurka, ya wakilci Sudan a Olamfik ɗin Paris a 2024, a iyon rigingine na mita 200. Lokutan da aka rubuta masa a hukumance su suka kai shi can. Kafin shi, Haneen Ibrahim ta yi wa Sudan iyon mita 50 a Rio a 2016.

Mu ma mun san ɗaya nau'in darajar. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ana gasar iyo da nutso da tseren kwalekwale a kogin Matan Fada. Abin da mutane suke riƙewa shi ne wanda ya riga fitowa a gaban sarki da jama'arsa, kuma sunan yakan bi shi har tsufa. Haka ɗaliban Sudan suke ji da daura madarasiyya, gasar makarantu da ake tashi daga mahalliyya (ƙaramar hukuma) zuwa wilaya (jiha) har matakin ƙasa. Ɗaga sunan Gadarif a irin wannan taro ba ƙaramin abu ba ne ga yaro ɗan shekara sha shida.

Game da ɗanka, fara da abin da Hausawa suka ce: iya ruwa fid da kai. Garin Gadarif ba a bakin babban kogi yake ba. Yara kan koyi iyo a hafir (tafkin da ake haƙawa don tara ruwa) da kududdufan damina, ko su tafi kogunan Atbara da Setit ta wajen Shuwak, inda aka buɗe madatsar ruwa a 2017. Ruwan damina yana da ƙarfi da laka, ruwan kwance kuma yana kawo tsargiya. Kada ya shiga shi kaɗai, kuma a nema masa babba wanda ya iya ceto.

Bayan haka, a auna masa tazara guda da ba ta canzawa, a riƙa duba lokacinsa da agogon waya, a rubuta a littafi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula harkar wasanni da karatu, amma wannan littafin zai nuna masa ci gabansa kafin al'amura su daidaita. Duk gasar da ta samu a kusa, ya shiga da zuciya ɗaya.

Ɗan ƙanenka kuwa, ka kira shi ka taya shi murnar gasar jiha, sannan ka tambaye shi lokacin da ya yi a ta ƙasa. Zai gane cewa baffansa ya fahimci duka biyun.