Ɗigon jini daga gefen yatsa

Ɗana, na ji labari wai tun da likita ya ce sukarinka ya hau, sau ɗaya ka koma aka gwada, ka ga lamba mai kyau, ka ce ai ka warke. Ka yi haƙuri, jini ba ya zama wuri ɗaya. Yadda yake da asuba daban, bayan tuwon dare daban, ranar da ka kwana ba barci ma daban. Wanda ya leƙa kasuwa da sassafe bai san farashin yamma ba.

Yanzu ba sai an cika sirinji ba, ɗigo ɗaya ya isa. Ka wanke hannu da sabulu ka bari ya bushe, musamman in ka taɓa dabino ko mangwaro, don zaƙin da ya maƙale a yatsa yakan ɗaga lambar. Ka soka a gefen yatsa, nan ya fi sauƙin zafi. Allurar taka ce kai kaɗai, ko matarka kada ku yi tarayya, saboda ciwon hanta. Takardun gwajin da ake ɗiga jinin a kai kuma kada ka bar su cikin mota rana ta dafa su.

Na san suna da tsada, don haka ka yi dabara. Gwada kafin ka ci, ka sake bayan awa 2, ka rubuta abin da ka ci a gefe. Yau shinkafa, gobe tuwon dawa da miyar kuka, jibi fura. A 2015 masana a Isra'ila sun bi mutum 800 mako guda, suka ga abinci iri ɗaya yakan ɗaga sukarin wani sosai, wani kuwa kaɗan. Saboda haka abin da ya karɓi abokinka ba lallai ya karɓe ka ba.

Wanda ba shi da ciwon, kafin karin kumallo lambarsa takan kasa 100. Daga 126 zuwa sama likitoci kan kira shi ciwon sukari. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙasa da 70: rawar jiki, zufa, jiri. Ko azumi kake, ka sha abu mai zaƙi nan take, Allah bai ɗora maka halaka kanka ba. Malamai kuma sun ce sukan yatsa ba ya karya azumi.

Ranar komawa asibiti ka tafi da littafin da kake rubuta lambobin a ciki. In kana da sikila ka faɗa wa likita, don takan rikita gwajin da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku. Allah ya ƙara lafiya.