Ruwan Gishiri da Sukari: Gurbin Harshe da Awo a Maganin da Aka Samar Domin Marasa Galihu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin ruwan gishiri da sukari tun daga ɗakin bincike zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ƙauyukan Bangaladesh, sannan ta dubi yadda saƙonsa ya shigo ƙasar Hausa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, duk maganin da aka ɗauke daga hannun likita aka damƙa wa uwa, kalmomin da aka bayyana shi da su da mazubin da aka ce a auna shi da shi sun zama ɓangare na maganin, domin kuskure a cikinsu yana iya jawo asarar rai.

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan lokuta, abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Babban mutum da kwalara ta kama da tsanani yana iya zubar da ruwan da ya kai lita guda a cikin awa ɗaya. Tun a shekarar 1832 wani likitan Sikotilan mai suna Thomas Latta ya gwada mayar wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya, kuma a ƙarni na 20 wannan hanya ta zama abin dogaro a asibitoci. Sai dai ƙarin ruwa ta jijiya yana buƙatar tsabtataccen ruwan da aka haɗa a masana'anta, da allura, da ma'aikacin da ya iya neman jijiya a hannun yaron da jikinsa ya riga ya bushe. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da babu su a wuraren da gudawa ta fi yin ɓarna. An ƙiyasta cewa a wajejen 1980 tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a duk shekara.

2.0 Daga Ɗakin Bincike Zuwa Bangaon

A 1960 masanin kimiyya Robert Crane na Amurka ya bayyana cewa bangon ƙaramin hanji yana shigar da sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri, tare da gulukos ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara ba ya toshe wannan ƙofa. Ma'anar haka ita ce, hanjin da ke zubar da ruwa yana iya tsotsar wani ruwan idan an haɗa shi da gishiri da sukari daidai gwargwado. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka nuna a cibiyar binciken kwalara ta Dhaka cewa shan wannan haɗi yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ƙwarai. Duk da haka, ra'ayin da ya rinjaya a lokacin shi ne likitoci ne kaɗai ya kamata su riƙa bayar da shi, a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Yaƙi ne ya karya wannan ra'ayi. A 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladesh, mutane kusan miliyan 10 suka tsallaka zuwa Indiya, kwalara kuma ta ɓarke a sansanoninsu da damina. Dilip Mahalanabis, likitan yara daga Kalkata, ya tarar a Bangaon cewa ruwan jijiya ya kusa ƙarewa, marasa lafiya kuma suna kwance a ƙasa. Ya sa aka riƙa haɗa giram 22 na gulukos da giram 3.5 na gishiri da giram 2.5 na sodar burodi a kowace lita, aka zuba a manyan ganguna, ya kuma umarci 'yan uwan majinyata su riƙa ɗiba suna ba su da kansu. A cikin majinyata fiye da 3,700 da tawagarsa ta kula da su, kashi 3.6 cikin ɗari ne suka rasu, alhali a sansanonin adadin yakan kai kashi 30. Haɗin an riga an san shi kafin wannan rana. Sabon abin da Mahalanabis ya yi shi ne miƙa kofin ga mutanen da ba su taɓa shiga ajin likitanci ba.

3.0 Abin da BRAC ta Gano a Ƙauyuka

Tsakanin 1980 da 1990 ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta tura mata gida-gida a Bangaladesh suna koya wa iyaye mata yadda za su haɗa ruwan da kansu, har suka kai ga gidaje kimanin miliyan 12. Ba su yi maganar giram ko lita ba, domin babu sikeli a ƙauye. Awon da suka koyar shi ne gishirin da yatsu uku suka tsinta, da cikin dunƙulen hannu na wani ɗanyen sukari da suke kira gur, wanda ya yi kama da mazarƙwaila, a cikin rabin mudun ruwa na gargajiyarsu, wanda ya yi kusa da rabin lita. Mai koyarwa takan yi alama a jikin kwanon gidan don uwa ta san inda ruwan zai tsaya. Albashin ma'aikaciya kuma ya rataya ne a kan abin da iyayen da ta koyar suka riƙe: bayan wani lokaci mai bin diddigi ya zo ya tambayi wasu daga cikinsu, ya sa su haɗa ruwan a gabansa, a kai samfurinsa ɗakin gwaji a auna gishirin ciki.

Da wannan tsari iyaye mata suka iya haɗin, amma aka lura cewa kaɗan ne suke amfani da shi idan yaro ya kamu. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar matsalar tana cikin harshe. Mutanen karkara sun kasa gudawa kashi huɗu, kowanne da sunansa da abin da ake ganin yana jawo shi: wadda ake dangantawa da nonon uwa, da ta ɓacin ciki, da mai majina, da mai tsananin ruwa irin ta kwalara. Iyaye da yawa sun fahimci cewa nau'in ƙarshe kaɗai ake nufi, saboda haka suka ajiye maganin suna jiran ta. Sai da aka sake fasalin saƙon ya ambaci kowane nau'i da sunansa. Mushtaque Chowdhury da Richard Cash sun kawo tarihin wannan shiri a littafin da suka wallafa a 1996.

4.0 Saƙon a Bakin Bahaushe

Nijeriya ta rungumi shirin a tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. Awon da aka yayata shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ƙananan cokula goma na sukari, ko ƙwaya biyar ta sukari mai iyali, a cikin ruwan da ya cika kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu. Ta fuskar lissafi awon ya yi daidai. Ta fuskar al'ada kuwa, kwalbar giya ba mazubin da ake samu a gidan Bahaushe Musulmi ba ce, kuma ambatonta kaɗai ya isa ya sa mai sauraro ya ɗauka saƙon na wasu ne.

Cokalin ma yana da tasa matsalar. Likita yana nufin cokalin shayi a shafe. Amma awon da aka saba da shi a kasuwa shi ne a cika mudu ko gwangwani har ya yi tozo, a kuma ƙara gyara. Uwar da ta tashi a wannan al'ada, tana kuma ɗokin ɗanta ya warke, ba abin mamaki ba ne ta kyautata awo. Idan ta ɗauki cokalin cin abinci maimakon na shayi, ta ninka gishirin kusan sau uku. Gishiri idan ya yi yawa a jinin yaro yana iya jawo jijjiga da lahani ga ƙwaƙwalwa, sukari kuma idan ya wuce kima yana janyo ruwa cikin hanji ya ƙara gudawar. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomin lafiya suka karkata ga ƙunshin da aka riga aka auna a masana'anta. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun farkon shekarun 2000 yana ɗauke da giram 2.6 na gishiri da giram 13.5 na gulukos, tare da fotasiyam da sitiret, domin lita guda. A 2004 aka ƙara shawarar ba yaro ƙwayar zink na tsawon kwana 10 zuwa 14.

Abin da ya fi awo sarƙaƙiya shi ne rabe-raben cutar, kuma a nan Hausawa sun yi kama da mutanen Bangaladesh. Akwai zawo ko gudawa, akwai atini, akwai amai da gudawa. Akwai kuma zawon haƙori, wanda iyaye da dama ke ɗauka a matsayin mataki na girma da zai wuce da kansa. Faɗawar maɗiga, wadda likita ke karantawa a matsayin alamar ƙarewar ruwa a jikin jariri, gargajiya takan ɗauke ta cuta mai zaman kanta, a shafa mata magani a ka. Sanarwar rediyo da ta tsaya ga kalmar gudawa tana iya wuce waɗannan iyaye ba tare da sun ji cewa da su ake ba.

Sunan da ake ba haɗin shi ma abin dubawa ne. Idan aka kira shi maganin gudawa, an yi alƙawarin da ba zai cika ba, domin aikinsa mayar da ruwan da ya zuba ne, ba tsayar da zawon ba. Uwa ta ba da shi yini guda, ta ga zawon na nan, sai ta yanke hukuncin cewa bai yi aiki ba, ta nufi kemis a ba ta ƙwayoyin da galibi yaron ba ya buƙata. Abin lura shi ne Hausa tana da kalmar da ta dace da aikin nasa sarai, wato ƙarin ruwa, sai dai ruwan jijiya na asibiti ya riga ya mallake ta tare da duk martabar da ke tattare da allura. Kiran haɗin da sunan ƙarin ruwa na baki zai ara masa wannan martaba, ya kuma faɗi gaskiyar abin da yake yi.

Mazubi kuwa zamani ya kawo wanda shekarun 1980 ba su da shi. Ledar fiya wata da ake sayarwa a birni da ƙauye rabin lita take ɗauka, don haka leda biyu sun isa ƙunshi ɗaya na lita guda. Saƙon da ya ce a juye ƙunshin gaba ɗaya cikin ruwan leda biyu, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ko zawon na haƙori ne, a ci gaba da ba shi nono, a zubar da abin da ya kwana ya wuni a haɗa sabo, bai bar wa uwa cokali ko kwalbar da za ta yi kirdado da su ba.