Mutu da Rasu: Darasi Daga Tarauni Zuwa Japan

Ɗalibin da ya je ta'aziyya a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ya ce wa mai makoki "mahaifinka ya mutu", bai karya dokar nahawu ba, amma ya yi rashin ladabi. Cewa ake yi ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Ita "rasu" daga "rasa" ta samo asali, wato an yi rashi.

Japanawa ma haka suke sakaya zancen. "Shinu" ita ce mutu, tana da kaifi, shi ya sa sukan ce "nakunaru", wadda tushenta ɓacewa ne. Gudun "shi", wato mutuwa, ya sa wasu asibitocinsu ba su da ɗaki mai lamba 4, domin huɗu ma "shi" ake kiranta.