Haƙƙin Mai Hijira: Falasɗinawa a Ƙasar Labanan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A shekarar 1948, sa'ad da aka kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rabu da gidajensu. Kimanin 100,000 daga cikinsu suka shiga Labanan. Har wa yau galibin jikokinsu ba su da takardar zama 'yan ƙasa, ko da yake a can aka haife su. Da yawansu suna zaune cikin sansanoni 12, irin su Ainul Hilwa da Shatila.

Dokar ƙasar tana ɗaukarsu baƙi. An toshe musu manyan sana'o'i, kamar aikin likita da na lauya. Wata doka ta 2001 ta hana su mallakar gida ko fili. A 2010 an sassauta musu samun izinin aiki, amma waɗancan sana'o'i suka ci gaba da zama a rufe. Ita kuwa maƙwabciyar Falasɗinu ta gabas, wato Jodan, tun 1954 dokarta ta tabbatar wa mafi yawan waɗanda suka je can zama 'yan ƙasa.

Hujjar mahukuntan Labanan ita ce, zaunar da su dindindin zai kashe haƙƙinsu na komawa gida, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambata a ƙuduri na 194, zai kuma jirkita rabon mulki tsakanin Musulmi da Kirista. To, amma zama ɗan ƙasa daban, neman halali kuma daban. Yarjejeniyar da ƙasashen Larabawa suka ƙulla a Kasabalanka a 1965 ta raba su: a ba Bafalasɗine damar aiki kamar ɗan gari, ba tare da ya rasa asalinsa ba.

Musulunci ya riga ya nuna hanya. Da Muhajirai suka isa Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Aka nuna masa, ya yi arziki, bai kuma daina zama Muhajiri ba.

Wanda aka raba da gidansa, kada a kuma raba shi da guminsa. Allah Shi ne Masani.